Cikin Delu da Ya Kwanta

Jikata Bilki da ƙawayenta sun gama sakandare, sai suka fara cewa aikin ungozoma za su karanta, wai shi ne mai sauƙi. Ɗaya daga cikinsu ce ta faɗa a tsakar gidana, tana cin gyaɗata ba kunya: "Iya Marka, ai jariri shi yake fito da kansa. Ku dai ku yanke cibi, a ba ku sabulu da ƙafar rago." Na ce ta ƙarasa gyaɗar tukuna, don labarin da zan ba su ba ya tafiya da tauna.

Kayan aikina dai ba su da yawa, wannan kun yi gaskiya. Sabuwar reza, zaren ɗaure cibi da aka dafa, sabulun salo, tsingaron gasa cibi, da ɗan kwalbar man gyaɗa. Duk a ƙaramin kwano suke shiga. Abin da ba ya shiga kwano shi ne hannu, shi kuwa a wurin Goggo Tabawa na samo shi, ƙanwar mahaifina, wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen ƙauyenmu da ke yamma da Kunci. Na daɗe ina bin ta kafin ta bar ni na taɓa cikin mace. Ranar farko da na kai hannu sai ta buge shi, ta ce hannun sanyi ba ya jin komai, in murza tafina da mai har ya yi ɗumi. Daga nan ta koya min laluben kai, mai tauri da zagaye kamar ƙoƙo, da laluben baya, da yadda ɗa yake shure ka idan ka dame shi. Ɗa mai rai ba ya yarda a taɓa shi ya yi shiru.

Akwai wata ɗabi'ar Goggo da take ba ni haushi a lokacin. Idan mun fito daga gidan mai jego, maimakon mu nufi gida, sai ta bi gidajen tsofaffi, matan da suka daina haihuwa tun ina goye. Ta zauna ta latsa musu ƙafa, ta leƙa idonsu, ta tambaye su barci da fitsari. Ni ina tsaye da kwano a ka, yunwa tana cina, ina cewa a raina tsohuwar nan son hira ne kawai. Wata rana na yi ƙorafi, sai ta ce, "Ke, wadda na karɓi haihuwarta tawa ce har ranar da za a ɗauke ta. Jikin mace ba ya mantuwa."

A hankali na fara ganin abin da take gani. Matar da ƙafarta da fuskarta suka kumbura da cikin fari, har ta yi jijjiga a kan gwiwa, ita ce da girma ya zo take fama da ciwon kai, wata safiya kuma a tarar ɓarin jikinta ya shanye. Wadda take haifo manya-manyan jarirai ana yi mata guɗa, ita ce daga baya ƙishirwa ba ta barin ta, tururuwa tana taruwa inda ta yi fitsari, ƙaramin miki a ƙafa ya ƙi warkewa. Ba mu da sunan waɗannan abubuwa a lokacin. Goggo dai tana iya nuna miki yarinya mai jego ta ce, "Wannan ki riƙa leƙa ta bayan ba ni," kuma shekaru su zo su gaskata ta. Abin da ya faru da mace tana 'yar yarinya yana nan a ajiye a jikinta, yana jiran furfura.

Farin farko ya same mu ina tsakiyar koyo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka koma cin dusa da tafasa da yaɗiya, garin rogo ya zama abincin masu hali. Karan da za a dafa ruwan wankan jego ma ya gagara, muka riƙa tsintar kashin shanu, daga baya shanun ma suka ƙare. Nono ya ƙafe a ƙirjin mata. Wani abin da maza ba su sani ba kuma, mu muka sani, shi ne jinin al'ada ya ɗauke wa mata da yawa saboda yunwa.

Mu kuwa mun taso mun tarar da maganar kwantaccen ciki. Idan jinin mace ya ɗauke, wata ya bi wata ciki bai fito ba, sai a ce ciki ne ya shiga amma ya kwanta, ko don firgita, ko don wahala, kuma zai tashi ranar da Allah ya so. Ba wanda yake musun wannan, har Goggo. Da damina ta dawo aka ƙoshi, jinin yawancin matan ya dawo, maganar ta wuce. Ta Delu ce ba ta wuce ba.

Delu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta kusa arba'in a lokacin, 'ya'yan da ta haifa duk ƙyanda ta kwashe su. Mijinta Ɗanladi ya tafi ci-rani kudu da yunwa ta yi tsanani, a watan da ya tafi jininta ya ɗauke. Bai dawo ba. Abokan tafiyarsa ne suka kawo hularsa da labarin zazzaɓin da ya kashe shi. Goggo ta shafa cikin Delu ta daɗe, ta ce, "Ban ji komai ba, amma kwantacce ba ya jin hannu." Delu ta riƙe wannan magana kamar an ba ta ajiya.

Kun san matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. To Delu ta shiga takaba ta zauna. Ba ado, ba biki, ba suna, ba maganar wani auren. Shekaru suka yi ta wucewa. Yayan mijinta, Malam Isiyaku, mai karantar da yara ne, mutum mai sanyin hali. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Delu, littafi ya yanka wa ciki iyaka, kin kuma wuce ta. Takabarki ta ƙare tuni, ki fita ki huta." Ta ce, "Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni nake ɗauke da shi." Zafi yakan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ta ko a cikin sanyi, sai ta kira ni ta katanga ta ce yau ma ya juya, ta ji ɗuminsa. Ni ma a lokacin ban san wannan zafin alamar tsayawar jini ce gaba ɗaya ba.

Goggo ta rasu, kwano ya dawo hannuna. Bayan kusan shekara goma fari ya sake dawowa, wannan ma ya fi na farko muni, don ya tarar da rumbuna ba su gama farfaɗowa ba. A wannan shekarar, kowa yana ramewa, sai cikin Delu ya fara tasowa.

Ba zan iya kwatanta muku murnar da aka yi ba. Gari ba gero, ba akuya, kullum ana kai yara makwanci, sai ga cikin da ya kwanta tun farin farko ya tashi. Mata suka riƙa zuwa daga ƙauyukan kewaye don su gani. Wadda ba ta da abin ba 'ya'yanta sai ta ƙullo ɗan gari a bakin zane ta kawo wa Delu. Mutane suna bukatar abin da zai nuna musu ba a manta da su ba, suka kuma same shi a cikin nan.

Wata rana da hantsi Delu ta aiko a kira ni. Na murza hannuna ya yi ɗumi, na ɗora. Cikin ya kai na wata tara, amma sumul yake, a cike tam kamar salkar ruwa. Na nemi kai ban samu ba. Na nemi baya ban samu ba. A gefen dama na ji wani ƙullutu mai tauri, na tura shi, ya tafi ya dawo bai shure ni ba. Na kafa kunnena na daɗe, bugun zuciyar Delu kaɗai nake ji daga nesa. Sai na ɗago na dube ta sosai. Hannuwanta sun zama kamar kara, idon sawunta ya kumbura, numfashinta sama-sama, kwanon garin da aka kawo mata kuwa loma biyu ta ci ta ture, ta ce ba wuri.

Ta ce, "Marka, me kika ji?"

Na ce, "Delu, na ji abu, amma ba ɗa na ji ba."

Ta ja zanenta ta rufe cikin a hankali. "Goggo ta ce yana nan."

"Goggo ta ce ba ta ji komai ba. Ni yanzu na ji, kuma ban san ko mene ne ba. Abin da na sani shi ne yana cin ki."

Ta juya fuskarta bango. Kafin azahar magana ta zaga gari. Aka ce Marka mai baƙin baki ce, aka ce hannuna bai kai na Goggo ba. Wata mai naƙuda a unguwar gabas ta ce kada a kira ni, aka je wani ƙauye aka ɗauko wata. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ta katanga ina jin nishin Delu yana ƙaruwa, wannan ya fi damuna. Na je wurin Malam Isiyaku, ya ce shi ba zai ɗaure ta ya kai ta asibiti ba, in dai ta yarda zai raka mu.

Ranar da ciwon ya murɗe ta har ta yi amai, na shiga ba tare da an kira ni ba. Na zauna a bakin gadon na ce, "Delu, bar maganar wa ya yi gaskiya. In ɗa ne, ya yi girman da ba zai fito da kansa ba, ƙarfinki kuma ya ƙare, sai an ciro shi. In ba ɗa ba ne, shi ma sai an ciro shi. Hanyar ɗaya ce." Can ta ce, "Zan je, amma da sharaɗi. Duk abin da ya fito, a hannunki za a sa shi. Kada su zubar min da shi a bola." Na ce na ɗauki alkawari.

A amalanke muka kai ta bakin titi, akori-kura ta kai mu Bici, daga can aka ce aikin ya fi ƙarfinsu, muka wuce asibitin birni. Duk hanya mushen shanu ne da mutanen arewa da suka baro garuruwansu, da tabarmi a ka.

A asibitin akwai wata malamar jinya, dattijuwa, mai faɗa kamar Goggo. Ta ɗaura wa Delu abin awo a dantse, ta ce jininta ya hau sosai, ba za a yi aiki ba sai ya sauka, sai kuma ta ɗan yi ƙarfi. Muka zauna jira. A zaman nan ne na ƙarasa karatun da Goggo ta fara min. Malamar ta tambayi Delu yaushe al'adarta ta ɗauke, da ta ji, sai ta gyaɗa kai. Ta ja ni gefe ta ce ba ciki ne ya tsayar da jinin ba, tsayawa ya yi da wuri, zafin nan da gumin duk alamarsa ce. Ta ce abin da yake kawo wa mace al'ada shi ne kuma yake tsare mata ƙashi da zuciya, idan ya janye da wuri sai ƙashi ya yi saurin lalacewa, jini ya yi saurin hawa. Na ba ta labarin masu kumburi da masu manyan jarirai, ta ajiye abin da ke hannunta ta saurare ni, sannan ta ba ni sunayensu, hawan jini da ciwon suga. Ta ce ciki yakan tona abin da jiki zai yi nan gaba, kamar yadda ruwan farko yake nuna inda ɗaki zai yi yoyo. Na ce ikon Allah, ashe tsohuwar nan ba hira take bi ba.

Da jininta ya sauka, wata safiya aka shiga da Delu ɗakin tiyata. Bayan an fito da ita tana barcin allura, likitan ya kira ni da Malam Isiyaku, saboda malamar ta gaya masa sharaɗin. Ya ce ruwan da suka zuƙe ya kusa cika bokiti. Abin da ya rage yana cikin faranti mai zurfi, wata jaka ce kamar tumbin akuya. Ya buɗe ta. A ciki akwai wani maiƙo kamar man shanu, a cikin maiƙon akwai gashi, baƙi, dogo, a cukurkuɗe. Ya juya wani ɗan tudu, sai ga haƙora a jere a jikinsa, farare tas.

Malam Isiyaku ya dafa bango yana salati. Na ce shi ke nan, mun yanke ɗan Ɗanladi.

Likitan ya ga fuskata, ya ce, "Baba, kwantar da hankalinki, wannan ba ɗa ba ne, bai kuma taɓa zama ɗa ba. Ƙari ne." Ya nuna min ba kai, ba zuciya, ba cibi, kuma ba a cikin mahaifa yake ba, a jikin ma'ajiyar ƙwai ya tsiro. Ya ce ƙwan da Allah ya ajiye a jikin mace yana ɗauke da kayan ginin mutum duka, gashi da fata da haƙori, wani lokaci sai ya fara ginin shi kaɗai, ba uba, ba tsari, ba rai. Ya ce mai yiwuwa tun tana budurwa yake nan ɗan ƙarami, sai yanzu ya cika ya danne mata ciki.

Na karɓi haihuwa ba adadi, na ga tagwaye, na ga mai yatsa shida, amma ban taɓa jin tsoron Ubangiji irin na ranar nan ba. Na tsaya ina kallon haƙoran nan da ba su taɓa tauna komai ba, ina tuna duk macen da na taɓa ɗora wa hannu tana yawo da wannan iko a jikinta, tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta sani ba. Malamar ta zuba wa abin maganin hana ruɓewa, ta rufe a ɗan bokiti, ta miƙo min da hannu biyu.

Delu ta rayu, yara. Ta ga tsufa sosai, bayanta ya ranƙwafa da wuri kamar yadda malamar ta faɗa, ƙwayar hawan jini kuma ba ta rabu da ita ba, ni nake tuna mata. Tun daga kanta nake tambayar kowace tsohuwa yadda cikinta na fari ya kasance da lokacin da jininta ya tsaya, wadda kuma jini ya dawo mata bayan ya ɗauke, ko ciki ya taso mata, ba na barin ta kwana biyu a gida. Wannan shi ne rabin aikin da ba a ba da ƙafar rago a kansa.

A asibiti Delu ba ta tambaye ni komai ba, bokitin dai take kallo a ƙarƙashin gado. Sai da aka sallame mu muka dawo gida, bayan la'asar, ta ce in rufe ƙofa in buɗe mata. Malam Isiyaku ya riga ya ce min in faɗa mata gaskiya, shi zai ji da mutanen gari. Na buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa ta taɓa gashin.

"Ya taɓa numfashi?"

"A'a, Delu."

"An busa masa rai?"

"Ba a busa ba. Ba mutum ba ne. Na duba da idona, ba zuciya, ba cibi."

"To ba ya jin yunwa ke nan."

Na ce ba ya ji. Sai ta sauke wani dogon numfashi, ta ce, "Duk shekarun nan, kowace loma na kai baki sai na ce ba ta ishe shi ba, shi ya sa ya ƙi tashi. Na ɗauka ni nake hora shi da yunwa." Na riƙe hannunta.

Ta ce in yi masa yadda ake yi wa mabiyiya. Na wanke shi da ruwan ɗumi, na naɗe a farin ƙyalle, na haƙa rami a bayan ɗakinta. Ƙasar ta bushe har sai da na yi ta sara da fartanya. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana kallo har na mayar da ƙasa na daddanna.

Da na miƙe ta ce, "Marka, ɗora min ruwa."

Na ce likita ya hana wankan jego, ɗinkin bai gama kamewa ba.

Ta ce, "Ba na jego ba. Na fita takaba." Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ta ce, "Ashe Ɗanladi bai bar min komai ba, Marka. Ashe da gaske ya tafi."

Na ɗora ruwan da 'yan kiraren da na tsinto, na goge mata jiki a hankali ina kauce wa ɗinkin. Na shiga gidana na kakkaɓo ɗan garin lallen da ya rage min a ƙasan ƙoƙo, na kwaɓa. Bai isa ƙafa ba, sai ta miƙo min tafukan hannunta, na ƙunsa mata.